Akwatin da Ya Fi Mace Nauyi

Duk Magamar Jibiya, in ana zancen tsallakar da kaya zuwa Nijar, sunan Ɗalhatu Mai Amalanke ake fara kira, sannan a huta kafin a tuna da wani. Mutum ne da yunwa ta gwada ta bari. Ambaliyar da ta share unguwarsu bisa reshen gawo ta same shi, ta wuce. 'Yan bindiga sun ɗaure shi a daji har damina ta fita, ya dawo gida da ƙafarsa da harsashi a cinya. Bai taɓa zama aji ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. A ɗora kaya bisa amalankensa kawai: daga yadda taya ta kwanta da yadda shanun suka ja numfashi zai faɗi abin da ke ciki, ko da an naɗe shi da buhu goma.

Shekarar da aka rufe boda, mota ba ta wucewa, sai hanyar daji. Ran nan da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a bakin gari, wani mutum ya sauko. Ja ne, da gemu mai furfura, kamar Balaraben Agadas, amma da ya buɗe baki sai ga Hausar Maraɗi tsaf. Aka nuna masa Ɗalhatu.

"Baba, ina kwana. Sunana Fasto Valdir. Ni ɗan Brazil ne, muna da coci a wani ƙauye bayan Ɗan Issa. Matata ta rasu a asibiti a Katsina. Ina son in kai ta gida."

"Brazil za ka da amalanke?"

"A'a, ƙauyen. Can ta ce a sa ta."

Ɗalhatu ya leƙa bayan motar. Dogon akwati ne na katako, an kafe shi da ƙusa ta ko'ina. Ya zagaya shi, ya shinshina. Ba wari. Ya dubi idon mutumin, ba hawaye.

"Yaushe ta cika?"

"Shekaranjiya."

To fa. Ɗalhatu ya binne iyaye, ya binne 'ya'ya, bai taɓa ganin gawar da ta kwana biyu tana yawo a mota ba. Mutum ya mutu da safe, kafin azahar an sa shi a likkafani an kai shi makwanci. Wa ke kafe matarsa da ƙusa kamar kayan gwanjo? Ina dangi, ina masu rakiya?

Sai da ƙarti huɗu suka kama kafin akwatin ya hau. Taya ta kwanta, shanun suka yi nishi. Nan Ɗalhatu ya gama karatunsa. Babu macen da ke da nauyin nan. Ƙarfe ne.

Ƙarfe kuwa ya san shi. Ta wannan hanyar dajin bindigogi ke shigowa su kuma fita, a buhun gero, a cikin katifa, har a tumbin raƙumi in ka biye wa masu labari. Da irinsu aka harbe ɗansa Isah a gona wajen Mazanya, da fartanya a hannu. Ya rantse tun ranar cewa amalankensa ba zai ɗauki ko harsashi ɗaya ba. Yau ga shi an ɗora masa akwati guda, an ce wai mace ce.

Bai nuna komai ba. Ya ce, "Hau mu tafi, Fasto." Amma maimakon ya miƙe arewa, sai ya karkata shanun ta gindin tsamiyar da 'yan sa-kai ke zama.

A hanya ya riƙa jefa tambaya kamar mai hira.

"Shekara nawa kuna can?"

"Ashirin da wani abu."

"Mabiyan naku za su kai nawa?"

"In kowa ya zo, mukan cika tabarma biyu."

Ɗalhatu ya yi dariya a ciki. Mutum ya baro ƙasarsa, ya haye teku, ya ƙare ƙuruciyarsa a rairayi saboda tabarma biyu? Ko mai tallan goro ya fi haka ciniki. Lallai akwai wata sana'ar a ƙasa.

Faston ya ci gaba da kansa, idonsa na kan akwatin. Ya ce rumfar kara suka fara yi, aka cinna mata wuta. Suka yi ta laka, ruwa ya kayar. Ta ukun ita Marilene, matar tasa, ita ta riƙa ɗebo ruwan kwaɓin a ka daga rijiya. Ɗiyarsu ta fari zazzaɓi ya ɗauke, tana kwance bayan cocin a gindin aduwa.

Ɗalhatu ya ce a ransa, maƙaryaci ya fi mai gaskiya tsara zance.

Rabe, shugaban 'yan sa-kai, yana ganinsu ya miƙe da bindigarsa ta gida a kafaɗa.

"Baba Ɗalhatu, mi ka ɗauko muna?"

"Wai gawa ce. Ɗaga ka ji, ɗana."

Rabe ya kama gefe ya gwada, ya saki. Ya dubi baƙon sama da ƙasa. Faston ya zaro takardun asibiti, Rabe ko karɓa bai yi ba.

"Takarda ko ni sai in sa a buga mani cewa na mutu. A kawo gatari."

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru. Wani ya ce ya taɓa ganin mutumin nan a kasuwar Daddara yana ta kallon shanu. Wani ya ce ai irinsu ne ke kawo kaya daga Libiya. Daga baya can wata murya ta ce, "Infoma ne!" Kalmar nan kuwa, ta mai kai wa 'yan bindiga rahoto, a Jibiya ba ta fita ta koma ba jini.

Faston bai gudu ba, bai yi gardama ba. Ya hau amalanken ya kwanta rub-da-ciki bisa akwatin, ya rungume shi da hannu biyu.

"In sara za ku yi, ku fara da bayana."

Nan Ɗalhatu ya sake duban mutumin. Ya ga masu fasa-ƙwauri iri-iri. In ruwa ya ƙare wa ɗan kada, barin kaya suke su ceci wuya. Bai taɓa ganin wanda ya kwanta bisa kaya ba. Har yanzu ya tabbata ƙarfe ne, taya ba ta yi masa ƙarya. Amma in aka yi rashin sa'a, sau ɗaya a duniya, ta yi? Ke nan shi Ɗalhatu, da furfurarsa, ya jawo matar mutum gaban ƙartin gari a fasa ta da gatari a bainar jama'a.

Ya ɗaga sandar kora shanu.

"Kai Rabe, aje gatarin nan. Kaya bisa amalankena suke, ni ke da magana. In mace ce, ba idonka ba ne zai gan ta. A kira mani Hajjo."

Hajjo matarsa ce, ita ke wankan gawar mata a unguwar tun kafin a haifi Rabe. Ta iso tana gyara mayafi tana mita.

"Malam, wace fitinar ka sake kwasowa?"

"Aikinki ne ya zo har gida. Fasto, ka yarda tsohuwar nan ta gani, ita kaɗai?"

Faston ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Ni zan cire ƙusar."

Mata huɗu suka kwance mayafai suka kewaye amalanken. Maza suka ja baya, amma ba wanda ya tafi, Rabe ma bai sauke bindigar ba. Ana jin kukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Sai shiru. Ɗalhatu ya tsaya yana murza cinyar da harsashin yake, yana shirya abin da zai faɗa in an fito da bindigogin.

Hajjo ta fito tana share hannu da gefen zani.

"Mace ce. Tsohuwa kamata."

"Kin duba ƙarƙashinta, Inna?" in ji Rabe.

"Na duba, marar kunya. Katakon maɗaci ne, an shimfiɗe cikinsa da kwanon rufi, shi ne nauyin. An yi mata allurar da ke hana gawa lalacewa." Ta juyo ga mijinta. "Malam, ka ga ƙafarta kuwa? Duk faso, ta fi tawa. Tsakar kanta gashin ya cinye wurin gammo. Wannan ta ɗebi ruwa."

Mai cewa ya gan shi a Daddara ya sulale. Wasu dattawa da ke zaune suka miƙe tsaye, don gawa gawa ce ko ta wane ne.

Ɗalhatu ya gyara murya. "Ai na faɗa maku akwai ƙarfe a ciki. Kwano ba ƙarfe ba ne?"

"Rufe mana baki ka kai baiwar Allah, rana na yi," in ji Hajjo.

Rabe ya matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ka san gobe za a ce su Fasto sun saye ka."

"Wanda daji bai saye ba? Su faɗa. Matsa mani."

Bai hau amalanken ba. Ba a hawa a zauna kusa da gawa kamar buhun masara. Ya kama igiyar shanun ya shiga gaba da ƙafa, yana ɗingishi, faston na biye a baya da hannu ɗaya bisa akwatin. Bai bugi sa ko sau ɗaya ba. Inda rairayi ya yi zurfi, su biyu suka sa kafaɗa. Jandarmomin Nijar da suka ci karo da su a ƙetare sun san faston, suka cire hula suka ba da hanya.

La'asar ta yi sanyi suka isa. Ɗalhatu ya ga cocin: ɗaki ɗaya na laka, ko rumbunsa ya fi shi tsayi. Mutanen da suka fito tarye, ya ƙirga su da ido, ba su cika tabarma biyun ba ma. Suna kuka suka sauke ta, suka nufi gindin aduwa.

Faston ya dawo da kwanon ruwa, ya ce ya shigo ya huta. Ɗalhatu ya dubi ƙofar cocin, ya dubi ruwan. Ya ji labarin yadda 'yan mishan suke farawa, da ruwan sanyi da magana mai daɗi.

"Nan waje ya ishe ni. Ruwan, ka ba shanun."

Ya tsaya bakin danga yana kallon masu haƙa kabarin. Ramin ya yi faɗi da yawa, kuma ƙasar wurin mai zubewa ce, yaran ba su san hannunta ba. Ya yi tsaki, ya sake yin tsaki. Da ya ga gefe ɗaya ya fara rufzawa, ya tuɓe riga ya rataya a danga, ya tsallaka.

"Kai, ba ni magirbin nan. Haka ake haƙa a garinku?"