Manaja Ya Ɗanɗana Ruwa

Tun da aka girka kwamin wanka na ruwan zafi a otal ɗin, Manaja ya daina amfani da takardar gwaji. An gaya masa na'urar tana mayar da gishiri ya zama kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa ya yanke hukunci cewa harshe ya isa. Kullum da safe sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce, "Da saura," ya ƙara gishiri.

Yau jami'ar lafiya za ta zo da sha biyu, kuma mai otal ya rantse in aka rufe kwamin, Manaja ya nemi wani aiki. Ga ruwa ya yi dishi-dishi, yana warin tsohuwar safa.

Manaja ya juye buhu biyu na gishiri. Na'ura ta kunna jar fitila, ta ɗauke wuta.

Ya kira yayarsa, wadda gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'arta. Ta kwance bututu, ta zaro farantan ƙarfen ciki. Farin datti ya rufe su ruf.

"Auta, yaushe rabonka da wanke wannan?"

"Au, ana wankewa?"

"Wata nawa na'urar ba ta fitar da kulorin ko ɗigo! Kai kuma kana ta zuba gishiri kamar mai dafa wa gayya miya. Sai an jiƙa farantan, an zubar da rabin ruwan. Awa shida."

"Yaya, minti ashirin gare ni!"

"To, ka yi addu'a."

Addu'a ba ta zo masa ba, dabara ce ta zo. Ya tuɓe, ya faɗa ciki, don jami'ar ta ga ruwan da Manaja da kansa ke wanka a ciki. Sai dai ya kasa zama. Gishiri ya ɗago shi, ya yi ta yawo a sama, tumbi na kallon rufi.

Haka jami'ar ta same shi.

"Ranki ya daɗe, ruwa lafiya lau!"

Jami'ar ta durƙusa a bakin kwamin. Ta tsoma takardar gwaji, ta ɗaga. Fara fat, alamar babu kulorin. Ta rataya allon "An Rufe" daidai saman kansa.

Manaja ya lashi leɓe, ya dubi yayarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Amma dai gishiri ya ji."