Ranar da Sista ta durƙusa a gabana

Shekara huɗu ina riƙe da matar nan a raina. A haihuwata ta fari, ita Sista, babbar ɗakin haihuwa, ta kwantar da ni rigingine, ta sa aka danne min ƙafafu. Da na ce bayana zai ɓalle, a bar ni in tashi, sai ta ɗaka min duka a cinya.

"Yunƙura, raguwa kawai! Lokacin da kike jin daɗinki wa kika kira?"

A gaban ɗalibai uku ta faɗa, suka kwashe da dariya. Wata biyu ban zauna daidai ba saboda ɗinki. Wallahi ban yafe ba.

Da ciki na biyu ya tsufa, Yaya ta ce mu canza asibiti. Na ce ina! Can zan koma, kuma bayana ba zai taɓa gadonta ba.

Da hantsi muka isa ni da Yaya, naƙuda ta riga ta kankama. Sista ba ta ma gane ni ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Ta buga katifa. "Hau ki kwanta."

Na kama ƙarfen gadon da hannu biyu, na ware ƙafafu, na tsaya.

"Ke kurma ce?"

"Sista, a nan zan haihu."

Ta ɗaga hannu. Yaya ta sha gabanta, ta ce, "Taɓa ta mana, mu gani."

Sai abin ya taso min tun daga ƙugu. Ba wanda ya ce in yunƙura, jikina ne ya yi abinsa. Na yi nishi ɗaya, na ji kai ya sauko.

"Kai ya fito!" in ji wata ƙaramar nas.

To, ya za ta yi? Sista guda, da farin kayanta mai karin guga, ta zube gwiwa biyu a siminti tana tara hannu. Ruwa ya wanke mata gaban riga. Ta cafe 'yata, yarinya ta tsala kuka, ni kuwa daɗi har cikin ƙashina.

Ta miƙa wa ƙaramar nas jaririyar, ta dafa gado za ta miƙe, gwiwarta na ƙara.

Na leƙo ta daga sama, ina haki.

"A'a, Sista, ina za ki? Koma. Mabiyiya ba ta faɗo ba tukuna."