Layi Huɗun da Munzali Ya Riƙe

Shekara uku Munzali ya yi a Jidda yana aiki da wani ƙaramin kamfani a Ruwais, a saman shagon masu sayar da tayoyi. Manhaja ɗaya kamfanin ke da ita, wadda ƙananan asibitocin unguwa ke amfani da ita. Mustausaf mutanen Jidda ke ce wa irin waɗannan asibitoci. Manhajar ce ke riƙe sunayen marasa lafiya da ranar da likita ya ce su dawo, ita ce kuma ke tura musu saƙo a waya ana gobe, don kada su manta.

Ba a cikin kwamfutocin asibitin manhajar take zaune ba. A kan manyan na'urorin haya take, can a intanet, abin da 'yan sana'ar ke kira gajimare. Duk mustausaf ɗin da ya shigo sai an gina masa wurinsa daban: inda bayanansa za su zauna, ƙofofin da za a buɗe da waɗanda za a rufe, wanda zai iya shiga da wanda ba zai iya ba. Munzali ne ke wannan ginin, da hannu, mataki bayan mataki. Kwana biyu yake kwashewa a kan kowanne. Ashirin da uku ya kafa a haka, kuma duk ofishin babu wanda ya san matakan sai shi.

Wata Lahadi da safe mai kamfanin, Othman, wanda kowa ke kira Abu Nawaf, ya kira shi ofis tare da Saudatu. Saudatu ita ce ke amsa koken asibitoci idan wani abu ya tsaya. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba. Shi ma Abu Nawaf asalinsa can ne, sai dai Hausarsa ta fi ta Saudatu cuɗewa da Larabci.

"Mun sa hannu da wasu masu reshe arba'in," in ji Abu Nawaf. "Kwana biyu biyu ba zai yiwu ba, ya Muhandis, injiniyanmu. Galib nake so. Fayil ɗaya, a rubuta sunan mustausaf, a danna, halas, komai ya tashi da kansa. Ko kana nan ko ba ka nan."

"Samfuri kenan," Munzali ya ce. "Zai yiwu."

"Kwana nawa?"

"Mako uku."

"Tayyib. Saudatu ce za ta gwada shi, ita kaɗai. Idan ta iya, kowa zai iya."

Saudatu ta yi dariya ta ce ta gode da wannan yabo. Munzali ma ya yi dariya, amma maganar "ko ba ka nan" ta biyo shi har kujerarsa. Wata huɗu ya rage kwantiraginsa ya ƙare, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun kamfanin take.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya wuce Sharafiyya wajen Alhaji Mailafiya, kamar yadda ya saba. Mailafiya ɗan unguwarsu ne a Zariya, abokin babban wansa. Shekara goma sha huɗu yana gyaran na'urorin hoton ƙashi a wani asibiti a Jidda. Suna cin shinkafar bukhari a faranti ɗaya Munzali ya ba shi labari.

Mailafiya ya ajiye cokali. "Wato ka zauna ka rubuta musu duk abin da ke kanka, ka miƙa?"

"Aikina ne, Alhaji."

"Aikinka ne su buƙace ka. Ka san yadda na kai shekara goma sha huɗu? Akwai na'ura biyu a asibitinmu, idan suka yi gardama ba mai lallashinsu sai ni. An kawo wani ya koya a wajena, na koya masa komai ban da abu ɗaya. Ba mugunta ba ce, ina da iyali. Kai ma ga matarka Hindatu da yarinya suna jiranka a gida, ginin da ka fara ko rufi ba a yi ba. Ka ba su samfurin, amma ka bar wani abu a aljihunka."

Munzali ya ci gaba da cin abinci.

Aikin samfurin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Abubuwan da hannunsa ke yi ba tare da tunani ba, yanzu dole ya tsaya ya tambayi kansa dalilinsu kafin ya rubuta. Ya gano matakai biyu da ya shekara uku yana yi alhali ba su da wani amfani. Ya gano ashe asibitoci bakwai na farko ba iri ɗaya ya gina su da sauran ba. Ya ware abin da ke canzawa, suna da adireshi da yawan likitoci, ya sa su a sama inda mutum zai cike. Sauran duka ya ɗaure su a ƙasa, yadda ba sai an taɓa ba.

A mako na uku ya iso wajen saƙonnin waya. Kafin manhajar ta iya tura saƙo, sai an buɗe mata ƙofa ɗaya zuwa kamfanin da ke raba saƙonnin. Layi huɗu ne kawai. Ya rubuta su, ya gwada, suka yi aiki. Ya jima yana kallonsu. Sannan ya yanke su daga samfurin, ya ajiye a wani fayil nasa na kansa.

Ya gaya wa zuciyarsa cewa ba wanda zai cutu. Komai zai tashi lafiya, saƙo ne kawai ba zai fita ba. Za a kira shi, ya duba, ya gyara cikin minti biyar, kowa ya tuna amfaninsa.

Ranar gwaji Saudatu ta zauna ita kaɗai da fayil ɗin. Reshen farko wani mustausaf ne a Sa'alaba, unguwar da aka haife ta. Ta cike gurabe tara, ta ce bismillah, ta danna. Cikin minti goma sha takwas komai ya tashi. Abu Nawaf ya aika aka sayo kunafa, wani kayan zaƙi na Larabawa, aka raba wa ofis.

Washegari aka tura Munzali garin Yanbu, wani asibiti daga cikin tsofaffin nasa ya samu matsala. Ya yi niyyar kwana ɗaya, ya kwana huɗu. Ba wanda ya kira shi a kan saƙonni, shi kuma bai tambaya ba.

Da ya dawo ya tarar da Saudatu idonta ya faɗa. Ta tura masa kujera.

"Ya Muhandis, na yi ɓarna. Saƙonnin Sa'alaba ba su fita ba, kwana biyar. Mutum talatin da ɗaya ba su je ganin likita ba, yawancinsu tsofaffi masu ciwon suga. Ummi ma tana ciki. Jiya ta ce mini, ke 'yar nan, wayata ba ta tuna mini ba. A nan na gane."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Abu Nawaf ya ce ni kaɗai zan yi. Kuma galib ɗinka ne, na san ba ya kuskure. Ya'ni ni ce na cike wani abu ba daidai ba. Kwana biyu ina bi layi layi ban gani ba. Na riga na shiga na ba shi haƙuri, na ce laifina ne."

"Me ya ce?"

"Ya ce ma'alesh, ba komai. Amma ya ce wataƙila aikin ya fi ƙarfina, zai duba ko a nemo wani."

Munzali ya ce bari ya duba. Ya koma kujerarsa ya buɗe fayil ɗinsa. Abin da ya shirya ne ya faru, ba ƙari ba ragi. Abin da ya rage kawai shi ne ya sa layukan yanzu, ya ce ya gano matsalar, a yaba masa. Bai ma yi ƙarya da bakinsa ba. Abin da bai shirya ba shi ne Saudatu ta ɗauki laifin ta kai kanta. A duk lissafin da ya yi, bai taɓa sa mutumin da zai zauna gaban fayil ɗin yana zargin kansa ba.

Ya buɗe ƙofar, saƙonnin da suka taru suka fara fita. Sai da aka yi sallar azahar ya same ta a ɗan kicin ɗin ofis tana haɗa shayi.

"Malama Saudatu, babu kuskuren da kika yi. Akwai layi huɗu da ba na cikin samfurin."

"Ka manta su?"

"Cire su na yi."

Ta ajiye butar. Ya gaya mata komai a tsaye, kwantiragin, da wata huɗun, da ginin da ba a rufe ba. Sunan Mailafiya kawai bai ambata ba. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Kana tsammani kai kaɗai ke ƙirga watannin iƙama?" ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Ni a Sa'alaba aka haife ni, Abuya, mahaifina, shi ma a nan aka haife shi. Duk shekara sai na sabunta, kamar kai. Kai idan suka ce halas, ka hau jirgi ka tafi Zariya, matarka ta tarbe ka. Ni ina zan tafi? Garin kakana sunansa kawai na sani."

Shekara uku suna ofis ɗaya, Munzali yana jin Larabcinta yana ganin yadda ta san kowane lungu na garin, bai taɓa kawo wa ransa cewa takardarsu iri ɗaya ba ce.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ba ka tambaya ba." Ta zuba shayin, kofi ɗaya. "Na gane tsoron, wallah na gane. Amma ni ba zan je na faɗa masa ba. Kuma ba zan ci gaba da ɗaukar laifin ba. Ka san yadda za ka yi."

Abu Nawaf yana waya lokacin da Munzali ya shiga. Ya jira ya gama, sannan ya faɗi abin da ya yi, a gajarce. Abu Nawaf ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Da ka zo ka tambaye ni maganar kwantiragi, da na gaya maka abin da na sani."

"Me ka sani, Abu Nawaf?"

"Ban yanke ba tukuna. Abin da na sani kenan." Ya mayar da tabarau. "Akwai wani abu kuma da ka cire?"

"Babu."

"Yalla, ka mayar da su. Ka kira mutum talatin da ɗayan nan a sake ba su rana. Kai da kanka, ba Saudatu ba."

Yini biyu ya yi yana kira. Wasu da ɗan guntun Larabcinsa, wasu kuwa da ya ji sunansu sai ya gwada Hausa, su amsa da murna suna tambayarsa ɗan wane gari ne. Wani tsoho ya riƙe shi minti ashirin yana tambayar ko har yanzu jirgin ƙasa na tsayawa a Zariya. Ba wanda ya kwanta ciwo saboda jinkirin, amma mutum biyu maganinsu ya ƙare sun kwana uku babu.

Bayan nan ya koma kan samfurin da gaske. Ya mayar da layukan. A saman kowane sashe ya rubuta abin da yake yi da dalilinsa, da abin da mutum zai gani idan ya lalace. Ya ƙara gwajin da zai tura saƙo ɗaya zuwa wayar mai kafawa, idan bai iso ba aikin ya tsaya ya faɗi dalili. Saudatu ta mayar da bayanan Larabci. Makonni biyu ba ta yi masa magana ba sai ta aiki. A na uku ta kawo masa gyaran da ta yi da kanta, yadda saƙon zai nuna ranar da kwanan watan Musulunci, domin da shi tsofaffin unguwarsu suke lissafi. Ya karanta sau biyu bai sami abin gyarawa ba, ya shigar da shi.

Kafin wata uku su cika, Saudatu ta kafa reshe talatin da shida. Sau ɗaya ta neme shi.

Ba a sabunta kwantiragin ba. Abu Nawaf ya gaya masa da kansa, ya rubuta masa takardar shaida mai kyau, ya ce aikin da ya rage bai kai na mutum biyu ba. Ko samfurin ne ya jawo, ko layi huɗun, ko kuwa da ma haka za a yi, Munzali bai sani ba. Ya so ya tambaya, sai ya ga ko an ba shi amsa ba zai iya tantance ta ba.

Mailafiya ne ya kai shi filin jirgi da hantsi. Hanya ta cushe wajen gada, suka daɗe a tsaye.

"Da ka yi shiru da yanzu kana nan," in ji Mailafiya.

"Wataƙila, Alhaji."

"To yanzu me za ka yi?"

"Akwai wani asibiti a Kaduna da suka ce na zo mu yi magana. Amma sai na huta tukuna. 'Yata Amatullah ta shiga aji biyu, ban taɓa kai ta makaranta ba."

Mailafiya ya gyaɗa kai. Motoci suka motsa. Ya miƙo masa wata leda daga kujerar baya, dabino ne da turare, ya ce ya kai wa wansa, ya kuma gaishe masa da mutanen unguwa.