Ƙofar Malam Holger

Da baya mijina Enok ya shigo, yana jan mutum ta hammata, iska da dusar ƙanƙara na biye da su har tsakar ɗaki.

"Tuperna, rufe ƙofa! Malam ne."

Na danna ƙofar da kafaɗa, da ƙyar ta rufu. Malam Holger ne kuwa, malamin makarantarmu kuma maƙwabcinmu. Gemunsa ya daskare, leɓunansa sun yi shuɗi, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji.

"A ina ka same shi?"

"A kan matakala, a zaune, da farantin kek a cinyarsa. Da ban fito zan ba karnuka abinci ba..." Enok bai ƙarasa ba, ya durƙusa yana cire masa takalma.

Surukata, Iya Sakarine, ta ajiye fatar da take ɗinki ta harare mu. "Ashe shi ne ke bugun nan tun ɗazu. Na ce muku ba iska ba ce, kuka ce tsufa ke damuna."

Gaskiyarta. Duk mun ji bugun, mun ɗauka kwanon rumfar karnuka ne ya sake ɓallewa. To wa zai kawo wa ransa mutum ne? A ƙauyen nan ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Turawa kake yi ka shigo zaure, ka karkaɗe ƙanƙara, ka cire takalma ka nemi wuri. Malam kaɗai ke tsayawa a waje yana buga katako da ɗan yatsa kamar mai gwada ko ya ruɓe, kuma na yi masa faɗa a kan haka har bakina ya gaji.

Jirgin ruwa na ƙarshe kafin teku ya daskare shi ya kawo mana shi daga Denmark. Dogo ne, ya ba sittin baya, matarsa ta rasu, ya ce gidansu ya yi masa girma shi ya sa ya nemi aikin. Ni nake kula da ƙananan yara a makarantar, ni ce kuma tafintarsa, don abin da ya sani a harshenmu bai wuce gaisuwa da godiya ba, su ma in ya faɗa sai yara sun kwanta da dariya. Ni na nuna masa inda ake cika jarka da ruwa, da yadda ake ɗaure ledar bokitin ban-ɗaki a ajiye wa masu kwasa. Bai taɓa yamutsa fuska ba. Ranar da mafarauta suka kamo babban kifi, aji ya watse tun bai gama rubuta kwanan wata a allo ba. Ya juyo ya ga kujeru da ni. "Laifin me na yi?" in ji shi. Na ce, "Malam, ɗauko wuƙa mu tafi, yau makaranta tana bakin teku." Ya bi ni, ya ci ɗanyar fata yana hawaye yana cewa da daɗi.

Da sanyi ya kankama, rana ta daina fitowa gaba ɗaya kamar yadda take yi mana duk shekara, sai barcinsa ya rikice. Wata safiya ya zo aji da takalma iri biyu, wata kuma ya karantar da darasin jiya kaf bai sani ba, yaran suka bar shi don tausayi. Duk wannan ya jure. Abu ɗaya ne ya gagare shi: shigar da ake yi masa gida ba sanarwa. Tun ranar da yara suka faɗa masa yana wanka a daro, ya aika gari aka kawo masa wani makulli mai kulle kansa da zarar an ja ƙofa. Ba wanda ya ce masa komai. Mutane dai suka rage zuwa, shi kuma ya ɗauka ba a son sa ne.

Shi ya sa na ji daɗi da ya ce zai yi kafemik ranar haihuwarsa, wato ya buɗe gida kowa ya shigo ya sha gahawa ya ci kek, ya tashi ya ba wani wuri, kamar yadda kowa yake yi. Ya sanar a aji, ya sanar a kanti. Ranar ta zo da iska, amma muka yi ado muka fita da fitilu, don tsakar rana ma duhu ne. Wanda ya fara isa ya tura ƙofa, ta ƙi. Na bayansa ya tura, ta ƙi. Ni ma na tura. Taga ta toshe da ƙanƙara, ba a ganin ciki. A wurinmu ƙofa a kulle ma magana ce, kuma ba a tambayar mai gida dalili. Muka ce ko ya fasa, ko barcin da ya daɗe yana nema ne ya ɗauke shi, kowa ya koma gida.

Yanzu ga shi kwance a kan gadonmu, Boletta mai ba da magani tana durƙushe a gefensa. Ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ta kira likitan gari ta waya, tana ta amsa masa da "to, to." Da ta ajiye sai ta ja ni zaure.

"Zuciya ce. Likita ya ce asibiti yake bukata, yau ba gobe ba."

"To jirgi fa?"

"Ke ma kin ji iskar nan. Jirgi mai saukar ungulu ba zai tashi ba sai ta kwanta."

"Yaushe za ta kwanta?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ranar mutuwarta. "Abin da nake da shi a akwati na ba shi, Tuperna. Sauran sai jira."

Enok ya ce zai ɗaura wa karnuka amalanken ƙanƙara ya kai shi gari ta kan daskararren teku. Ya fita dubawa, ya dawo ya zauna. Sai da Iya ta matsa masa ya ce iska ta farfasa ƙanƙarar, ruwa baƙi ƙirin tun daga bakin tsibiri. Shi ke nan, hanya ta sama a rufe, ta ƙasa a rufe.

Da jikin Malam ya ɗumama, ciwon ya ɗan lafa, sai ya buɗe ido ya neme ni.

"Tuperna, me ya sa ba ku zo ba?"

"Mun zo, Malam. Kusan ƙauyen duka."

"Ban ji an ƙwanƙwasa ba. Ina zaune kusa da ƙofa tun safe, na kashe rediyo ma don in ji."

"Turawa muka yi. A kulle take."

Ya dubi rufi. "Na ji marikin ƙofar yana motsi," in ji shi a hankali. "Sau da yawa. Na ce iska ce."

Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, Boletta ta daka masa tsawa ya bari. Ni kam kuka ne ya zo mini, na juya na kama goge tukunyar da take a goge. Ban san wa zan yi wa fushi ba, shi da makullinsa ko mu da shirunmu.

Iya Sakarine ta ce in fassara mata. Da ta ji sai ta buga cinya. "Kai Dogo! Girman banza! Ka gayyaci mutane ka kulle ƙofa, mu kuma garin wawaye ba wanda ya iya ɗaga murya. Ce masa ina kek ɗin? Ni ban yafe rabona ba."

Na faɗa masa. Ya laluba aljihu ya miƙo makullin. Enok da ƙaninsa suka bi igiyar da muke ɗaurawa tsakanin gidajenmu don kada mutum ya ɓata cikin iska, suka yi ta jido kaya: kek kala-kala da suka fara daskarewa, da kofuna da ya aro daga makaranta ya wanke ya jera. Labari ya zaga. Kafin a jima zaurenmu ya cika da takalma. Mutane suka riƙa shigowa kaɗan-kaɗan don kada a cinye masa iska, kowa ya miƙa masa hannu, ya sha gahawa, ya tashi. 'Yan ajinsa suka tsaya a ƙasan gado sun kasa haɗa ido da shi, har sai da ya ce da su a harshenmu, "Ku ci," ya kuma faɗe ta a karkace yadda ya saba. Suka yi dariya, amma ba irin ta da ba.

Iya ta ɗanɗana ta yamutsa baki. "Sukari ya yi kaɗan. Ce masa in ya warke ya zo in koya masa, in ya yi hankali ma in aure shi."

"Ce mata na amince," in ji Malam. "Amma sai ta yarda in riƙa ƙwanƙwasa mata ƙofa."

Wannan ce dariyar ƙarshe da aka yi a ɗakin. Iska ba ta kwanta ba washegari, ba ta kwanta ba wanshekaren washegari. Gidan yana ta ƙara kamar zai tashi. Boletta ta dawo gidanmu da kwana. Duk bayan ɗan lokaci ta kira gari, amsar ɗaya ce: matuƙi yana zaune da kayansa a jiki, sama yake jira. Enok kuma ya mai da fita duban sama sana'a, ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, har Iya ta ce ya zauna yana shigo wa mara lafiya da sanyi. Na dafa romon puisi, wata dabbar teku mai kitse, wanda ke tayar da maharbin da ya kwana a kan ƙanƙara, Malam ya kurɓi cokali biyu don kada in ji kunya. Ƙafafunsa suka kumbura. Kwanciya ta gagare shi, sai muka jingina shi da matasai yana jan numfashi da ƙyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba abin da za ka yi da hannunka. Da karnuka ne suka tsinke, da an bi su. Da mutum ne ya faɗa ruwa, da an jefa igiya. Wannan kuwa kana zaune da ƙarfinka da lafiyarka, kana kallon mutum yana ƙarewa, abin da zai cece shi yana can bayan duwatsu a ajiye.

Ya tambaye ni wa ke riƙe da aji. Na ce an rufe makaranta saboda iska. Ya ce in an buɗe in tuna 'yar Boletta ba ta gani sosai daga baya, kunya ce ke hana ta faɗa, a dawo da ita gaba. Boletta ta ji, ta tashi ta fita zaure ta daɗe.

Muka samo 'yarsa Gunhild a waya. Na riƙe masa wayar a kunne don hannunsa ba ya ɗaguwa. Ina jin muryarta 'yar siririya tana kuka tana tambayar me ya sa ba a kai shi asibiti ba, wane irin wuri ne wannan. Ya ce mata, "Kada ki yi musu faɗa. Ina cikin mutane. An yi mini biki, gida ya cika." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Akwai ma wadda ta ce za ta aure ni." Daga nan magana ta yi masa nauyi, na karɓi wayar. Ta ce in yi mata alkawari jirgin zai zo. Ban yi ba, don mu ba ma yi wa sama alkawari. Na ce mata ina riƙe da hannunsa.

Da hantsin rana ta gaba, lokacin da gefen sama kan ɗan yi ja kafin duhu ya sake rufewa, Iya ta ɗaga kai daga ɗinkinta. "Ku ji," in ji ta. Muka kasa kunne. Ba mu ji komai ba, kuma abin da take nufi ke nan. Iska ta kwanta. Wayar Boletta ta yi ƙara, aka ce jirgi ya tashi da ma'aikaciyar jinya a ciki.

"Malam, sun taso," na ce masa a kunne. "Ka ji? Ka ɗan ƙara haƙuri kaɗan."

Ya matse mini yatsu. Iya ta matso ta zauna a bakin gadon, ta fara rera waƙar coci can ƙasa-ƙasa, tana shafa masa goshi da tafin hannunta mai kaushi. Numfashinsa ya riƙa yin nisa da juna. Ina ƙirgawa a raina ina cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Iya ba ta kai ƙarshen waƙar ba ta tsaya. Ta rufe masa ido, ta gyara masa gemu da yatsunta. Boletta ta taɓa wuyansa ta daɗe, sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

Ba a jima ba karnukan ƙauye suka ɗauki kuka gaba ɗaya, su ne kan fara jin jirgi. Ba wanda ya tuna ya kira gari ya ce a koma. Na sa riga na bi Enok zuwa filin sauka. Maza sun riga sun share wurin sun jera fitilu, suna tsaye hannuwa a aljihu.

Jirgin ya sauka yana watsa mana ƙanƙara a fuska. Tun fukafukan ba su tsaya ba wata yarinya ta diro da jaka ja, ta sunkuya ta nufo mu da gudu. 'Yar ƙasarmu ce, daga gani. Tana zuwa ta dubi Enok tana haki, don shi ne a gaba. Ya ɗan tattare hanci, yadda muke cewa a'a.

Ta tsaya. Ta dubi gidajen da ke kan tudu, ta mai da jakar ɗaya hannun, sannan ta biyo mu a baya tana tafiya a hankali, tana sa ƙafa a sawunmu.