Biskit ɗin Wendell

Shekara arba'in da uku Lorne Zaitsoff ya yi da aure bai taɓa soya ƙwai ba. Sai da amosani ya kama yatsun matarsa Verna, ya lanƙwasa su har ba ta iya murɗe murfin kwalba, sannan ya shiga kicin. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a injin yankan katako ya koyi miyar kabejin nan da ake kira borsh, ya koyi dafa dankali ba tare da ya kama ba. Shi ne kuma yake loda mata wiwi a 'yar na'urarta ta turiri kullum da yamma, don ciwon ya bar ta ta yi barci.

Na'urar ba ta ƙona ganyen, gasa shi kawai take yi. Verna ta shaƙi turirin, abin da ya rage ya fito ruwan ƙasa, a bushe ƙayau. A kwarin Slocan, inda suke zaune, ba a zubar da wannan saura, kowa ya san da sauran ƙarfi a jikinsa. Lorne yana juye shi a wata babbar kwalba a saman firji. In ta cika ya dafa shi da man shanu, ya tace, ya riƙa shafa mata a burodi da safe. Man yana aiki, yatsunta sukan ɗan saki. Amma ɗanɗanon, wayyo! Ƙauri kamar gugguru ya ƙone a tukunya, ga ɗaci mai maƙalewa a maƙogwaro har tsakar rana. Verna takan toshe hanci ta haɗiye, ta kora da kofi, ta ce, “Sannu da ƙoƙari, tsoho.” Shi kuwa ya ɗauka ai haka magani yake.

Da ƙanƙara ta narke a shekarar nan sai wani ya tare a gidan da ke jikin nasu. Wendell Haas ne, wanda ya yi shekara talatin yana da gidan burodi a garin Nelson, matarsa ta rasu, ya sayar da komai ya dawo kwarin. Lorne ya san shi sarai. Ajinsu ɗaya da Verna a sakandare, kuma shi ya yi rawa da ita ranar bikin gama makaranta. Ga shi har yanzu dogo, bayansa bai ranƙwafa ba, gashinsa ko sili ɗaya bai zube ba. Lorne ya shafa sanƙonsa ya ce a ransa, to, Allah ya sa lafiya.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Wendell a bakin ƙofa da gwangwani a hannu.

“Maƙwabci, na ji an ce ku ma kuna tara saura. Ni ma ina ɗan taɓawa saboda ciwon ƙugu. Ga wannan ku ɗanɗana, amma rabi-rabi, kada Verna ta tashi sama.”

Biskit ne na citta, sirara, launin zuma. Verna ta ɗauki ɗaya tana shirin toshe hanci, sai ta dakata ta sansana. Ta gutsura, ta lumshe ido. Lorne yana tsaye da cokali a hannu yana kallon fuskarta, rabon da ya ga ta yi haka a kan abinci har ya manta.

“Wendell, ka rantse da saura a cikin nan?”

“Cike yake da shi.”

“Kai! To ina ƙaurin ya tafi? Lorne, zo ka ji abin mamaki. Ashe duk shekarun nan a banza nake shan azaba!”

Dariya ta yi da ta faɗa, Wendell ma ya yi. Lorne ya gutsuri ɗan kaɗan, ya tauna, ya ce, “Citta ta yi yawa.” Ya koma ga tukunyarsa. Ranar miyar ta kama.

Daga nan ya shiga yaƙi, shi kaɗai, ba wanda ya sani. Ya zuba kirfa a man, ya zama ƙonannen gugguru mai kirfa. Ya gwada zuma, ya gwada man gyaɗa, ya cusa ɓawon lemo a kwalbar kwana uku. Ya dama da garin cakulan har cokali ya tsaya a ciki. Verna takan ci, ta ce, “Ya ɗan fi na jiya.” Amma yana ganin idonta yana zuwa kan gwangwanin, wanda ba ya taɓa zama fanko, domin duk Juma'a Wendell yakan kawo sabo. Kuma ba ya ajiyewa ya tafi. Sai ya jingina da shinge su yi ta hirar wani malamin lissafi da ya mutu tun tuni, da wata motar makaranta da ta taɓa faɗawa rami. Lorne bai yi wannan makarantar ba. Yakan fito ya hau sare itacen da ba a buƙata, yana buga gatari da ƙarfi don su san yana wurin.

“Me zai hana ka tambaye shi yadda yake yi?” in ji Verna wata rana.

“In tambayi wa? Mai gashin nan? Ai ni ma na kusa ganowa.”

“To, Allah ya ba da sa'a, shugaban masu girki.”

Sai kuma ya lura kwalbarsa ba ta cika. Kullum yana zubawa, kullum tana nan inda take. Ya manna ɗan ƙyalle daidai inda sauran ya tsaya. Bayan kwana huɗu ya duba, ya sauka da faɗin yatsa biyu. Washegari da hantsi yana cikin rumfar kayan aiki, ta tsagar katako ya hango Verna ta fito da 'yar jakar takarda a ƙarƙashin rigar sanyinta, ta miƙa wa Wendell ta saman shinge. Wendell ya karɓa, ya ce wani abu, ta rufe baki tana dariya.

Lorne ya zauna a kan bokiti. Abin da ya tara da hannunsa, cokali-cokali, kullum da yamma, shi ake kwasa a kai wa wani. Kuma ita da ba ta iya buɗe kwalba, yaya aka yi ta buɗe wannan? Wato in don Wendell ne, yatsun suna aiki.

Ya tashi daga kan bokitin. Ya ɗauke kwalbar ya ɓoye a rumfa, ya koma leƙen gidan maƙwabcinsa. Ya ga kullum da safe Wendell yana fitowa da wata kwalba mai ƙullin farin ƙyalle a ciki, ya tsiyaye wani ruwa mai kama da shayi a gindin fure. Ashe jiƙa shi yake yi! Lorne ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ya kwashe duk abin da ya tara na wata biyu, ya ƙulle a tsohuwar rigar filo, ya nutsa a bokiti, ya rufe. Ya ce in Wendell na yin kwana kaɗan, shi zai yi goma, nasa ya fi. Bai canja ruwan ba ko sau ɗaya. Da ya fito da ƙullin ya matse, sai ya baza shi a kan katako cikin rumfar, inda ko iska ba ta shiga.

Bayan kwana uku ya buɗe ƙofar, wari ya mare shi. Funfuna ta rufe abin gaba ɗaya, fara da kore, har da gashi. Ya haƙa rami a bayan rumfa ya binne, yana waige-waige kamar wanda ya yi kisa.

Man da ke firji ya ƙare a satin. Gwangwanin ma ya ƙare, domin Wendell ya tafi garin Kelowna wajen 'yarsa. Kuma aka shiga ruwan sama. Da safe Lorne ya tarar da Verna zaune a bakin gado tana ƙoƙarin sa maɓallin riga, ta kasa. Ya durƙusa zai sa mata, ta ce, “Ina kwalbar, Lorne?”

“Ki tambayi wanda kike kai wa.”

Ta dube shi. “Au, leƙena kake yi?”

“A gidana, da kwalbata, ta saman shingen da ni na kafa!”

“Nasa ne ya ƙare, shi ba ya sha da yawa. Na ba shi namu ya yi mini abin da zan iya haɗiyewa. Da na gaya maka, ai da ka yi wannan fuskar da kake yi yanzu.”

“Da me kika buɗe murfin?”

“Da ƙofa na matse shi, in kana son sani. Sai da na yi hawaye.” Ta ɗaga hannuwanta ta nuna masa. “Shekarata sittin da takwas, dube su. Kana tsammanin akwai wanda zai sace ni? Ina kwalbar?”

Ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Wata biyu,” ta juya ta kwanta tana fuskantar bango.

Ranar da motar Wendell ta dawo, Lorne ya zagaya ta ƙofar gaba, bai bi ta shinge ba. Ya ƙwanƙwasa, ya tsaya da hula a kansa.

“Na zo karɓar abin da matata ta ba ka.”

“Shigo mana, maƙwabci. Yana nan a jiƙe, yau kwana biyar, 'yar maƙwabtanmu, gidan Popoff, ce take canja mini ruwan da ba na nan.”

“Canja ruwa?”

Wendell ya dube shi, ya dubi ƙasa, bakinsa yana motsi. “Kada dai ka ce mini warin da ke tasowa daga bayan rumfarka...”

“Ɓera ne ya mutu.”

“Babban ɓera kuwa.”

A kicin ɗin komai a jere yake, tsaf, har abin ya ƙara ba Lorne haushi. Wendell ya nuna masa ba tare da ya ja rai ba. Ruwa ne yake janye ɗacin da ƙaurin, in ji shi, ƙarfin kuwa ba ya bin ruwa, sai mai. Kullum a zubar a sa sabo, har ya daina fita da launi. Sannan a matse, a baza a faranti, a sa a tanda da wuta 'yar kaɗan har ya bushe ƙayau, in ba haka ba ɓera ya mutu. Ya buɗe wata kwalba ya miƙa masa. Lorne ya kai hanci. Ba ƙauri, sai ɗan ƙamshi kamar busasshiyar ciyawa.

“A gidan burodi ka koyi wannan?”

“A'a. Lokacin ciwon Lois ne, matata. Ba abin da yake zama a cikinta, ko warin man ta ji sai amai. Na ɓata ya fi sau goma kafin na gano.” Ya mayar da murfin. “Ta ci na wata uku kafin ta rasu.”

Lorne ya so ya ji tausayinsa, kuma ya ji, kaɗan. Amma a ƙasan tausayin wani abu yana ci gaba da cizonsa: wato har a jinyar mata ma mutumin nan ya fi shi.

Ya ɗauko ƙullin ya kawo gida. Ya yi kwana biyu yana canja ruwa safe da yamma, ya busar, ya dafa man. Bai sa citta ba, ya rantse ba zai sa ba. Ya tuna Verna tana son lemon tsami da 'ya'yan fure baƙaƙen nan da uwarta take barbaɗawa a burodi, ya yi biskit da su. Farantin farko ya ƙone, na biyu ya yi. Da yake ba shi da wurin zubawa, sai ya jera su a gwangwanin da ke kan tebur.

Verna ta fito da la'asar, ta buɗe, ta ci rabi. Ta tsaya, ta cinye sauran rabin.

“Kai, Wendell ya ƙure kansa wannan karon. Wannan ai ya fi na cittar nesa ba kusa ba. Ya aka yi ya san ina son lemon tsami?”

Lorne yana bakin famfo, ya ba ta baya.

“Wendell bai san komai ba,” ya ce. “Wendell ko sunan uwarki bai sani ba.”

Sai ya ji takunta a bayansa, ta ɗora lanƙwasassun yatsunta a wuyansa, garin fulawa na nan a kwalar rigarsa. Ta yi dariya har tana tari.

“Kai ne? Tsohon banza! To me ya sa ka zuba a gwangwaninsa?”

“Shi na gani.”

“Ka je wurinsa ke nan. Da ƙafarka.”

“Na je karɓar kayana.”

Ta sumbaci sanƙonsa, ta ɗauki wani biskit ɗin, ya ƙwace ya ce ɗaya ya isa. Tana komawa kujera ta ce, “Ai sai mu kira shi cin abinci ran Lahadi, mu gode masa. Ka yi borsh.”

Ran Lahadi Wendell ya zo da sabuwar riga da furanni a hannu. Lorne ya karɓi furannin tun daga bakin ƙofa, ya ce shi zai sa a ruwa. Ya ajiye wa baƙon kujera a can ƙarshen tebur, kusa da taga mai shigo da iska, shi kuma ya zauna a tsakaninsu. Wendell ya sha miyar, ya ƙara, ya ce bai taɓa shan irinta ba, ko za a gaya masa abin da ake sawa?

“Kabeji,” in ji Lorne, ya janye tukunyar zuwa gabansa.