Mai Girki Ta Fara Ci

Shekara goma sha ɗaya Rosmaniar, wadda ake kira Ros, na riƙe da tukwanen biki a ƙauyukan gindin dutsen nan. In ba ita ta juya naman biki da ake kira rendang ba har madarar kwakwa ta ƙafe naman ya yi baƙi, sai ka ji ana cewa auren bai yi armashi ba. Da ludayin nan take ciyar da kanta da tsohuwar mahaifiyarta.

Tun girgizar ƙasar da ta rufto mata da rufin madafa, maƙogwaronta ya ƙi ta. Da ta kai loma baki sai gabanta ya yanke ya faɗi, zufa ta keto, shinkafa ta tsaya mata kamar tsakuwa. In da ido a kanta kuwa, abin ba a magana. Ta rame har ana ƙirga ƙasusuwan wuyanta.

Bu Desma, wato Malama Desma, jami'ar kula da abinci a ƙaramin asibitin gunduma, ita kaɗai ce ba ta ce mata "daure ki ci" ba. Uni take kiranta, wato yaya. Ta ce, "Uni Ros, kar ki jira yunwa, ba zuwa za ta yi ba. Agogo za ki bi. Sau shida a rana, kunun shinkafa da ƙwai, a kwanonki, inda babu kowa. Ko cokali uku kika samu, an ci riba."

Wata biyu, Ros ta fara murmurewa. Sai dai Bu Desma 'yar birni ce, ba ta san cewa a wajenmu mai girkin da ba ta cin girkinta suna ɗaya gare ta ba. Kowa ya taso da labarin gidajen da ke gadon guba, wai in ba su ciyar da ita ga wani ba, kansu take komawa.

Ranar auren ɗiyar Etek Jusna, wato Inna Jusna, ƙarfe goma na yi Ros ta sulale bayan rumbun shinkafa da ɗan kwanonta. Ƙarfe ɗaya ma haka. An gan ta, don a gidan biki ba a rasa mai idon da ba shi da aiki. Bayan azahar cikin kawun ango ya murɗa. Mutumin ya share faranti uku ya bi da durian, ɗan itacen nan mai nauyi a ciki, amma wannan babu wanda ya tuna.

Etek Jusna ta sa aka kira ta tsakiyar mata.

"Ros, me kike ci a bayan rumbu?"

"Kunu ne, Etek. Asibiti suka ce..."

"Asibiti suka ce ki dafa wa mutum ɗari uku, ke ki taho da naki daga gida? Ruwa dai ba ya tsami banza."

Ros ta ciro takardar Bu Desma daga lalitarta. Wata ta warce ta karanta da ƙarfi tana lanƙwasa murya. "Wai a ci inda babu kowa. To, ai kun ji. Har da takardar izini."

Aka yi dariya. Cikin masu dariyar har da waɗanda Ros ta yi wa girkin sunan 'ya'yansu kyauta, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Etek ta zubo shinkafa, ta ɗora nama, ta dire a gabanta. "Ba faɗa. Ci ki wanke kanki."

Ros ta san abin da ke kan farantin nan, sana'arta ce gaba ɗaya. Ta yi bisimilla, ta ja numfashi yadda aka koya mata, ta dunƙula 'yar loma. Mata sun fi arba'in, duk ido a kanta. Ta tauna, ta tauna, naman da ta san ya yi laushi kamar auduga ya ƙi wucewa. Ta roƙi Allah, ta matsa. Sai ta dawo da shi har da kunun safe, a kan tabarmar baƙi.

"Gani ya kori ji," in ji Etek a hankali. "Cikinta ya san abin da hannunta ya zuba."

A gabanta aka haƙa rami bayan gida aka juye naman ɓauna guda, aikin kwana biyu. Kafin ta gama ɗaure ludayenta, gidaje biyu sun aiko cewa sun sami wata mai girkin. Kawun ango kuwa tuni ya warware yana neman shayi.

Washegari da hantsi ta dafa wa mahaifiyarta kifi da ganyen rogo, ta kai mata har bakin gado. Tsohuwar ta ji komai, labari ya riga Ros isowa gida. Ta daɗe tana kallon farantin, hannayenta a cinya.

"Amak, zai huce," Ros ta ce wa uwar.

Tsohuwar ba ta ɗago kai ba. Da yatsa ɗaya ta turo farantin gaban ɗiyarta.

"Ni na haife ki, na san ba ki da komai. Amma ɗan ɗiba ki fara ci, in gani."