Kukan Gongolona a Bayan Gidan Don Evaristo

Ina da wani ɗan aibi da gara in faɗa tun yanzu: ban taɓa ganin fitowar rana da gangan ba. Matata ta ce ko ranar tashin alƙiyama sai an aiko a tashe ni.

Amma labarin na maƙwabcina ne, Don Evaristo. Shekara goma sha tara ke nan da ya sayar da shanunsa, ya bar makiyayar bayan gidansa ta yi abin da ta ga dama. Da farko ƙaya ce da ciyawa. Sannu a hankali tsuntsaye da jemagu suka yi ta zubar da iri a kashinsu, itatuwa suka miƙe, har ta kai da tsakar rana mutum na shiga ya nemi inuwarsa ya rasa.

Surukinsa Wílberth bai ga abin burgewa ba. Shi abarba yake so a dasa.

"Baba, wannan ba daji ba ne," in ji shi, "lalaci ne ya yi ganye."

Duk shekara Malama Yorleny takan zo daga jami'a ta ƙirga tsuntsayen wurin da kunne. Ta ce masu son fili sun ragu, masu son duhuwa sun ƙaru, amma saura gongolona, wata mai kama da fakara da ke yawo a ƙasa. Ita ba ta shiga wuri sai inuwa ta yi kauri, busasshen ganye ya rufe ƙafa. Ranar da ta yi kuka a nan, daji ya dawo.

Wata ranar Lahadi, a kan shinkafa da wake, Wílberth ya sake tayar da zancen. Ran tsoho ya ɓaci, bakinsa ya riga shi: idan bana malama ba ta ji gongolona ba, a kawo injin sara a sare dajin.

Ana gobe za ta zo sai ga Don Evaristo a gidana, yana so in ɓuya in kwaikwayi kukan gongolona. Da ƙuruciya nakan farauci tsuntsuwar da fito, hannu biyu a dunƙule a baki.

"Biyar saura kwata, bayan babban itacen bakin rafi. Sau uku kawai," in ji shi.

"In ta gane fa?"

"Kai da ka yaudari tsuntsuwar kanta har cikin tukunya, 'yar boko ce za ta gagare ka?"

Na ɗauki alkawari.

Da asuba suka tsaya su uku cikin raɓa: malama da littafinta da na'urar ɗaukar murya, Wílberth da kofin gahawa yana hamma, Don Evaristo kuwa yana ta duba agogo. Biyar saura kwata ta wuce, shiru. Yana cikin tsine mini a zuci sai fiton ya taso daga wajen rafi, dogo, yana rawa a ƙarshe.

Malama ta ɗaga yatsa. Wílberth ya sauke kofi.

Don Evaristo ya sunkuyar da kai. A ransa ya ce mutumin nan ya tsufa, iska ta fara ƙare masa, wace gongolona ce ke karkarwa haka kamar mai zazzaɓi? Fito na huɗu ya zo, na biyar ya biyo. Uku fa aka ce. Ya yi tari don ya rufe ɓarnar, malama ta harare shi.

"Don Evaristo," ta ce a hankali, idonta ya kawo ruwa, "dajinka ya dawo."

Wílberth ya cire hula ya sosa ƙeya. "To Baba, lalacin naka ya yi baƙuwa. A bar mata gidanta."

Tsoho bai iya kallon kowa ba. Shekara tara yarinyar nan tana shan gahawa a gidansa, yau ya sa ta rubuta ƙarya a littafinta. Ya raka ta mota, sau biyu yana buɗe baki, ya tuna injin sara ya rufe.

Daga nan gidana ya nufo, da niyyar ya gode mini, ya kuma gaya mini cewa fiton nawa ya lalace. Matata ya tarar a ƙofa tana shanya.

Ƙarfe tara ta wuce, ban farka ba tukuna.